Titi Ɗaya, Kwalta Ta Gaji: Nazarin Yadda Aka Kai ga Rufe Wani Filin Jirgi na Mako Shida

Asalin titin: 1982 zuwa 2002

Filin da ake magana a kansa shi ne filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, a tsakiyar Najeriya, kuma titi ɗaya tak yake da shi na sauka da tashi. Tsawon titin ya ɗan haura mita 3,600, faɗinsa mita 60, samansa kwalta. An gina shi a farkon shekarun 1980, ya fara aiki a wajajen 1982, kuma injiniyoyin da suka tsara shi sun ɗiba masa shekara 20. Wannan wa'adi ba gajere ba ne a wannan fanni, domin hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, wadda ƙasashe da yawa suke aron ƙa'idojinta, ita ma shekara 20 take ɗauka a matsayin ma'aunin tsara titin jirgi. Ma'anarsa ita ce, idan wa'adin ya cika, sai a ɗaye saman titin a sake shi, a kuma bincika abin da ke ƙarƙashi, ko da kuwa ido bai ga ɓaraka ba tukuna.

Titin jirgi da titin mota duka baƙaƙe ne, amma nauyin da suke ɗauka ya sha bamban. Jirgi ƙirar Boeing 777-300ER idan ya cika da mai da fasinja da kaya yana kai tan 351, kuma kusan dukkan wannan nauyi yana kan tayoyi 12 na tsakiya, wato kowace taya tana danna kwalta da kusan tan 27 ko 28. Dokar ECOWAS kuwa abin da ta yarje wa gatari ɗaya na tirela bai wuce tan 12 ba. Iskar da ke cikin tayar irin wannan jirgi ta kai ninki biyu na wadda ke cikin tayar babbar mota. Kuma wurin da ya fi shan wahala shi ne bakin titi daga kowane ɓangare, inda jirgi mai shirin tashi yake tafiya a hankali da cikakken nauyinsa, ya juya, ya tsaya yana jiran izini, saboda kwalta ta fi lotsawa a ƙarƙashin nauyi mai jinkiri, musamman da rana tsaka a lokacin bazara, lokacin da zafin samanta kan haura digiri 60.

A shekarun farko zirga-zirga ba ta da yawa. Daga baya birnin ya bunƙasa, ma'aikatu da ofisoshin jakadanci suka tare, kamfanonin jiragen Turai da na Gabas ta Tsakiya suka buɗe layi, aikin hajji ma yana kawo manyan jirage kowace shekara. Wa'adin shekara 20 ya cika a wajajen 2002, ba a yi wa titin babban gyara ba.

Shekarun faci

Abin da aka riƙa yi maimakon haka shi ne faci. Inda aka ga tsaga a cike ta, inda rami ya buɗe a yanke gefensa a zuba sabuwar kwalta a bi ta da rola, yawanci cikin dare, kafin jirgin asuba ya iso. Ma'aikatan hukumar FAAN da ke kula da filin ba su da wata hanya da ta wuce wannan, tunda babu titi na biyu da za a karkatar da jirage.

Kwalta haɗi ne na tsakuwa da garin dutse da baƙin man da ake kira bitumin, wanda bai wuce kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na nauyin haɗin ba, amma shi ne yake riƙe komai. Rana da iska suna busar da wannan mai shekara bayan shekara har ya yi tauri ya daina miƙewa. Da zarar ya daina miƙewa sai saman titi ya fara tsattsagewa. Damina na zuwa, ruwa ya shiga ta tsagar, ya ratsa tsakanin mai da tsakuwa ya raba su, ya gangara ƙasa ya jiƙa shimfiɗar dutse da marmarar da ke ɗauke da titin. Idan ƙasan ya yi laushi, duk jirgin da ya bi sai saman ya ɗan lanƙwasa, kuma kowace lanƙwasa tana ƙara tsaga. A wannan mataki faci yana rufe abin da ido ke gani ne kurum. Ƙari a kan haka, kowane faci yana zuwa da gefe huɗu, kuma kowane gefe sabuwar mahaɗa ce tsakanin tsohuwar kwalta da sabuwa, wadda ita ce ƙofar da ruwa ya fi shiga.

A titin mota rami yana lalata taya ko ya karya ƙafar mota. A titin jirgi tsakuwa ɗaya da ta ɓalle daga gefen faci tana iya shiga injin jirgi mai zuƙar iska, ko taya ta harba ta a jikin fiffike. Duniyar sufurin sama ba ta manta da jirgin Concorde da ya faɗi a kusa da birnin Faris ranar 25 ga Yulin 2000 ba, bayan tayarsa ta taka wani siririn ƙarfe da ya faɗo daga wani jirgi a kan titi, mutum 113 suka rasu. Saboda haka ne ake sa mota ta zaga titi sau da yawa a rana ana tsince duk abin da aka gani, kuma titin da yake zubar da tsakuwarsa da kansa ya fi ƙarfin wannan tsintuwa.

Gyara ana tsakiyar aiki: Disamban 2013 da Yulin 2014

Mataki na gaba da aka gwada shi ne gyaran wani ɓangare na titin alhali sauran yana buɗe. A farkon Disamban 2013, ana cikin irin wannan aiki, wani jirgin dakon kaya ƙirar Boeing 747 da ya taso daga Saudiyya ya sauka da dare, ya zarce iyakar da aka bari a buɗe, ya shiga wurin da ake aiki ya ci karo da kayan gyara. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma jirgin ya tare titin, aka dakatar da sauka da tashi na sa'o'i masu yawa, fasinjoji suka yi cirko-cirko a wannan filin da sauran filayen ƙasar.

A watan Yulin 2014 aka sauya dabara, aka rufe titin gaba ɗaya na awa 30 a ƙarshen mako, aka sake maimaitawa a mako na gaba. An gyara wuraren da suka fi lalacewa, jirage suka dawo. Awa 30 tana isa a ɗaye saman wani yanki a shimfiɗa sabo, amma ba ta isa a tona zuwa ƙasa a tsawon kilomita uku da rabi ba. Cikin shekara biyu koke-koken matuƙa suka dawo, kuma a watan Agustan 2016 wani jirgin kamfanin waje ya samu lahani a lokacin sauka, aka danganta abin da halin da titin yake ciki. A lokacin titin ya zarce wa'adinsa da shekara 14.

Muhawara: ƙarshen 2016 zuwa Fabrairun 2017

Gwamnatin tarayya ta sanar da cewa za a rufe filin na mako shida, a mayar da jirage zuwa filin jirgin Kaduna, tafiyar kusan awa uku a mota. Kuɗin aikin naira biliyan 5.8, aka ba wani babban kamfanin gine-gine da ya daɗe yana aiki a ƙasar. An ce dukkan aikin zai ɗauki wata shida, amma mako shidan farko ne kaɗai ke buƙatar titi babu jirgi.

Sanarwar ta tayar da ƙura. Majalisar Dattawa ta gayyaci ƙaramin ministan sufurin jiragen sama da ɗan kwangilar da ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa a watan Janairun 2017. Ƙungiyar injiniyoyin ta ba da shawarar a raba titin kashi-kashi a yi aikin ba tare da rufe filin gaba ɗaya ba, wasu kuma suka kawo misalin filayen Turai da aka gyara da dare jirage na tashi da rana. Ministan da ɗan kwangilar suka tsaya a kan cewa lalacewar ta kai ƙasa, ba ta gyaruwa ta wannan hanya.

Gyaran dare abu ne da aka taɓa yi kuma ya yi kyau. A filin jirgin Frankfurt na Jamus, tsakanin 2003 da 2005, an sauya wani titi mai tsawon mita 4,000 a cikin kusan dare 300, ana tone mita 15 kowane dare a cike da sabuwar kwalta, da safe jirage su hau. Sai dai Frankfurt yana da wasu titunan da za su ɗauki jirage idan injin ya lalace da ƙarfe uku na dare. Idan aka bi wannan lissafi a titin da muke nazari, mita 3,600 a kan mita 15 kowane dare zai ba da dare 240, wato aikin zai ratsa damina gaba ɗaya, kuma ƙa'ida ta hana shimfiɗa kwalta a kan jiƙaƙƙen wuri.

Akwai kuma batun gangare. Kundi mai lamba 14 na hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wanda ya tanadi ƙa'idojin filayen jirage ga ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Chicago ta 1944, ya ce idan za a buɗe titi alhali ba a gama shimfiɗa ba, dole a yi gangaren wucin gadi tsakanin sabon sama da tsoho. Idan kaurin sabuwar shimfiɗa bai wuce santimita 5 ba, gangaren ya kasance tsakanin rabin kashi ɗaya da kashi ɗaya cikin ɗari, idan ya wuce haka kada gangaren ya haura rabin kashi ɗaya. Shimfiɗa mai kaurin santimita 10 ke nan tana buƙatar gangare mai tsawon mita 20 a faɗin titin gaba ɗaya, a yi shi kafin asuba, a karce shi da daddare kafin a ci gaba. Kowane dare sai an kashe wani kaso na lokaci da kwalta a kan abin da za a rushe gobe, kuma kowane dare yana barin mahaɗa ɗaya a gicciye.

Majalisar Dattawa ta nuna ta fi son a kauce wa rufewa, amma ta bar hukunci a hannun ɓangaren zartarwa. Manyan kamfanonin Turai, irin su British Airways da Lufthansa da Air France, suka ce ba za su koma filin maƙwabta ba, sun gwammace su dakatar da layin. Tsaron hanyar da ta haɗa biranen biyu yana cikin abin da ake fargaba, kuma a ƙarshen Fabrairu aka sace wasu Jamusawa biyu masu binciken kayan tarihi a wani ƙauye da ke yankin, aka sako su bayan 'yan kwanaki. Ethiopian Airlines ne ya amince ya riƙa sauka a can. Ministan ya yi alkawari a bainar jama'a cewa zai ajiye muƙaminsa idan aikin ya wuce wa'adi.

Aikin: 8 ga Maris zuwa 18 ga Afrilun 2017

An rufe filin ranar 8 ga Maris. Lokacin ya dace da ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka sosai a yankin. Fasinjoji suka koma bin motocin safa da gwamnati ta tanada kyauta tare da rakiyar jami'an tsaro, wasu suka bi jirgin ƙasan da aka ƙaddamar a Yulin 2016, masu hali suka hau helikwafta. A kan titin kuwa aiki ya kankama dare da rana: injinan karce suka ɗaye tsohuwar kwalta, tifofi suka kwashe, aka gyara ƙasa inda ya lalace, aka shimfiɗa wata raga ta zaren gilashi a tsakanin shimfiɗu domin ta rage saurin da tsagar ƙasa take hawowa sama, sannan aka bi da sabuwar kwalta, aka sake fenti da fitilu.

Girman aikin yana fitowa idan aka yi lissafi. Mita 3,600 sau 60 ya ba da murabba'in mita 216,000. Shimfiɗa ɗaya mai kaurin santimita 5 a wannan fili tana cin kusan tan 26,000 na kwalta, kuma titin jirgi ba ya tsayawa a shimfiɗa ɗaya.

Ɗaya daga cikin ma'aunan da aka fi sani a duniya na kwaltar titin jirgi shi ne sashe na P-401 a cikin kundin FAA mai lamba AC 150/5370-10, kuma duba abin da ya tanada yana bayyana amfanin titi babu jirgi. Tun kafin a kunna injin, ɗakin gwaji zai haɗa samfuri. A hanyar gwaji ta Marshall ana dukan samfurin da guduma sau 75 a kowace fuska idan titin na manyan jirage ne, ana neman iskar da ta rage a cikinsa ta tsaya a wajajen kashi 3.5 cikin ɗari. Idan iskar ta yi yawa ruwa zai ratsa kuma man zai bushe da wuri, idan ta yi kaɗan kwaltar za ta lotsa ta yi kwari a ƙarƙashin taya lokacin zafi. Ana kuma jiƙa wasu samfuran a gwada ƙarfinsu da na busassu, dole jiƙaƙƙen ya riƙe aƙalla kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin busasshen. Bayan haka sai a yi shimfiɗar gwaji a filin, da injinan da za a yi aikin da su da ma'aikatan da za su yi shi, kuma ba a fara aiki na sosai sai ta ci jarrabawa.

A wurin shimfiɗa, zafi ne yake mulki. Kwalta tana barin injin dafawa da zafin da ya kai digiri 150 ko fiye, a lulluɓe ta da tampol a bayan tifa, kuma daga lokacin da ta zuba a injin shimfiɗa rola tana da 'yan mintuna ne ta danne ta kafin ta huce. Mai kula da aiki yana tafe a bayan injin da ma'aunin zafi a hannu, rolar ƙarfe tana biye, ta roba tana bayanta. Washegari a zo da injin huda a ciro dunƙule mai kamar gwangwani daga wuraren da aka zaɓa ba tare da sanin ɗan kwangila ba, a kai ɗakin gwaji a auna dannuwarsa. A sabon bugun kundin, ƙaramin abin da ake karɓa a jikin shimfiɗar sama shi ne kashi 92.8 cikin ɗari na iyakar dannuwar da haɗin zai iya yi, a kan mahaɗa kuma kashi 90.5. Aikin kowace rana ana auna shi daban, ana biyansa daban: wanda ya gaza kaɗan a rage kuɗinsa, wanda ya gaza da yawa a ɗaye shi a sake da kuɗin ɗan kwangila.

Mahaɗa ta samu kulawa ta musamman a wannan kundi, domin daga nan titi yake fara mutuwa. Injin shimfiɗa ba ya cin faɗin mita 60 a tafiya ɗaya, sai layi-layi, kuma kwalta kamar tuwo take, mai zafi da mai zafi suna haɗewa su zama ɗaya, amma wanda ya kwana ba ya karɓar sabo. Kundin ya ce idan gefen layi ya yi fiye da awa huɗu a buɗe, ko zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 80, sai an yanke wajen santimita 7 daga gefen an zubar, an share, an shafa man ɗanko, kafin a jingina masa sabon layi. Mahaɗar shimfiɗar sama kada ta hau kan ta ƙasa, a goce da aƙalla santimita 30 a tsaye, mita 3 a gicciye. Titin da babu jirgi a kansa yana ba da damar injina biyu ko uku su tafi kafaɗa da kafaɗa, gefe mai zafi yana haɗuwa da gefe mai zafi, su yi tafiya mai nisa ba tare da tsayawa ba.

Daga ƙarshe akwai siffar saman. ICAO ta ce idan aka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 3 a kan sabon titi, kada tazarar da ke ƙarƙashinsa ta wuce milimita 3, kuma titin manyan jirage ya gangara daga tsakiya zuwa gefe da kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari domin ruwan sama ya sauka da sauri, saboda ruwan da ya kwanta yana ɗaga taya daga kan kwalta birki ya daina kamawa.

Ranar 19 ga Afrilu aka sa za a buɗe. Aka gama da saura kwana ɗaya, hukumar da ke sa ido kan sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta duba ta amince, kuma ranar 18 ga Afrilu jirgin Ethiopian Airlines ƙirar Airbus A350 ya zama na farko da ya sauka a sabon titin.

Bayan buɗewa

Kamfanonin waje sun dawo cikin 'yan kwanaki. Ragowar aikin ya ci gaba ba tare da an sake rufe filin ba, kuma kafin ƙarshen 2017 NCAA ta ba filin takardar shaidar cika ƙa'ida, abin da bai taɓa samu ba a baya. An ce sabon saman zai yi shekara 10. A 2022 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da kwangilar gina titi na biyu.

Kwatanci da wasu filayen ƙasar yana da amfani wajen auna mako shidan. Filin jirgin Fatakwal da aka rufe a Agustan 2006 bai sake karɓar jirage ba sai a Disamban 2007. Na Inugu da aka rufe a Agustan 2019 saboda lalacewar titi ya yi shekara guda cur kafin a buɗe shi.

Hukunci

A ganina shawarar rufewa ita ce daidai a halin da aka samu kai a 2016, kuma dalilin yana cikin ƙa'idojin kansu. Dannuwa da zafi da mahaɗa, waɗanda su ne suke tabbatar da tsawon ran kwalta, duka suna buƙatar aiki mai ɗorewa ba yankewa. Faci ya gaza saboda yana ƙara mahaɗa a kan ƙasan da ya riga ya jiƙe. Gyaran ɓangare ana tsakiyar zirga-zirga ya nuna haɗarinsa a 2013. Rufewar awa 30 ta sayi shekara biyu kawai. Masu son gyaran dare ba su yi kuskure a ilimi ba, kuma da an ɗauki shawararsu a 2002 ko 2005, lokacin da saman ne kaɗai ya tsufa, da ta wadatar, da kuma babu wanda ya yi tafiyar awa uku a mota don ya kama jirgi. Shekara 14 na jinkiri ne suka kashe wannan zaɓi.

Abin da ya sa aikin ya kammala a kan lokaci kuma ba ɓoyayye ba ne: wa'adi da aka faɗa wa duniya, jami'in da ya ɗora muƙaminsa a kai, ɗan kwangila mai isassun injina, da lokacin rani. Abin da ya fi damuna shi ne waɗannan duka matsin lamba ne ya haɗa su, saboda manyan ƙasa suna bin wannan filin, kuma Fatakwal da Inugu ba su samu irin wannan gata ba.

Gaggawar mako shida tana da nata haɗari ga inganci, kuma hanyar tabbatar da cewa ba a sadaukar da shi ba ita ce sakamakon dunƙulen da aka huda, da gwajin santsi da ake maimaitawa, da binciken tsaga a kan mahaɗa bayan kowace damina. Ya kamata hukumar da ke kula da filin ta riƙa fitar da waɗannan alƙaluma ga matuƙa da kamfanoni da majalisa. Shekara 10 daga 2017 tana cika a 2027, kuma kuɗin ɗaye saman da sake shi ya kamata ya shiga kasafi tun kafin wa'adin ya cika, tare da tsarin inda jirage za su sauka a lokacin aikin.